Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙarin ruwan amino asid

'Yar'uwa, wallahi ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce Mama na fama da ciwon ƙoda, ta daina cin abinci, ta rame, har wani ya ce a saka mata ƙarin ruwan amino asid (sinadaran da ke haɗa furotin) ta jijiya. Haka aka yi da maigidana. Sai dai ba ki faɗa mana ko an fara yi mata wankin ƙoda ba, kuma maganar gaba ɗaya a nan take.

Shi lokacin ba a fara masa ba. Wani ɗan'uwansa mai aikin jinya ya zo har gida ya ce rashin ƙarfi ne kawai, leda biyu za su tashe shi. Bai nemi takardar gwaji ba, bai tambayi yawan fitsarin da yake yi ba. Ni kuma na yi shiru don kada a ce na raina dangin miji. Daren kwana na biyu ya kasa kwanciya, yana zaune yana haki, fuska da ƙafa sun kumbura, ga amai. Na riƙe shi ina kiran sunansa, shi kuwa sai kallona yake, ya kasa magana. Har yau idan na rufe ido ina jin wannan numfashin. A asibiti likita ya ce ruwa ya taru masa a huhu, yuriya, wato dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, ta hau, domin amino asid idan jiki ya sarrafa shi yuriya yake bari, ƙodar da ta gaza kuma ba ta iya fitar da ita. Wankin gaggawa aka yi masa. Ɗan'uwan nasa ko dubiya bai zo ba, da aka yi masa magana cewa ya yi ƙaddara ce. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Daga baya an saka masa ruwan, amma likitan ƙoda ne ya rubuta, bayan albumin ɗinsa, wato furotin na cikin jini, ya sauka ƙasa da 3.5 a gwaji. Ta layin injin wanki ake saka shi, awa 4, sau 3 a mako, injin yana janye ruwan da ya ƙaru. Amino asid ne da sukari da mai. Kowane wanki yana tafiya da giram 6 zuwa 12 na amino asid, shi ya sa mai wanki yake buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wanda bai fara ba kuwa rage masa ake yi zuwa wajen 0.6. Idan an saka wa Mama, don Allah ki sa a riƙa auna mata sukari, na maigidana yakan hau ana cikin sakawa, bayan an cire ya faɗi har ya riƙa rawar jiki.

Kuma ciko ne kawai, sauran kwana 4 ɗin dole baki ya ci. Ki tambayi likita me ya hana ta cin abincin, sau da yawa yuriyar ce take kashe sha'awa, wani lokacin damuwa ce. Akwai ƙarin abinci na sha da ake fara gwadawa kafin na jijiya. Ki riƙa zama kina ci tare da ita, maigidana ba ya taɓa abinci idan shi kaɗai ne. Ke ma ki riƙa samun barci, ni sai da na kwanta ciwo. Kada ki bari kowa ya rataya mata leda a gida, ko waye shi. Allah ya ba Mama lafiya. Ki dawo ki gaya mana ko an fara wankin.