Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar ILO, me ya sa ba mu ga canji a wajen aiki ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum muna ji a labarai wai gwamnati ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wai ana so a daidaita dokokin aiki da na duniya, amma mu ma'aikata har yau jiya-i-yau, aiki ya wuce lokaci babu ƙarin komai, kora babu sanarwa. Shin wannan sa hannun yana da wani amfani ko hoto kawai ake ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yana da amfani, amma sa hannun shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar, kuma nan ne galibin gwamnatoci suke tsayawa su huta.

ILO ɗin nan, wato ƙungiyar ƙwadago ta duniya, tun 1919 aka kafa ta, hedikwatarta na Jeniba, ƙasashe 187 ne a ciki, kuma tsarinta daban yake da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya domin kowace ƙasa wakilai huɗu take turawa babban taron da ake yi duk watan Yuni, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar aiki, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. Abun da suka zartar da kashi biyu cikin uku shi ke zama yarjejeniya. Toh amma ba ta hau kan ƙasa sai ƙasar ta amince da ita a hukumance, bayan nan ma sai an yi wata 12 kafin ta fara aiki a kanta.

Akwai guda 10 da ake kira na tushe, sun shafi 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da mai aiki kan albashi, hana aikin tilas, hana sa yara aikin ƙarfi, hana wariya, sai lafiya da tsaro a wajen aiki wanda aka ƙara a 2022. Waɗannan ko ƙasa ba ta sa hannu ba ana sa ran ta mutunta manufarsu tunda dai mamba ce, haka sanarwar da ILO ta fitar a 1998 ta ce. Kuma kar ka ɗauka sai ƙasashe matalauta ke noƙewa, Amurka guda biyu kacal ta amince da su a ciki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ranar da aka kore ka, alƙali dokar ƙasa zai buɗe, ba takardar Jeniba ba, sai dai in tsarin ƙasar ya ba shi dama. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa galibi da an amince da yarjejeniya an wallafa ta, ta fi ƙarfin dokar majalisa. Waɗanda suka gaji na Ingila kuwa sai majalisa ta sake zama ta mayar da ita doka. Ɗauki Najeriya, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai majalisar tarayya ta zartar, amma gyaran da aka yi a 2010 ya ba kotun ma'aikata ta ƙasa ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su, kuma kotun tana amfani da wannan ikon, har ta kan ce mai aiki ya kawo dalili kafin ya sallami mutum. Kaga ke nan akwai ƙofa, sai dai ma'aikaci nawa ne ya san da ita, nawa ne ke da kuɗin lauya da haƙurin jiran shari'a? Ga shi ita babbar dokar ƙwadagon ƙasar tun shekarun 1970 take, zamanin soja, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba. Ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wajen aiki a 2022, abu ne mai kyau, amma tsohuwar dokar na nan ana ta maganar sabunta ta shekara da shekaru.

In ma an gyara dokar, wa zai je ya duba? Yarjejeniya ta 81 ta 1947 ta ce sufeton ƙwadago na da ikon shiga wajen aiki dare ko rana ba tare da sanarwa ba. Ni a ganina nan ne za ka gane gwamnati da gaske take ko wasa, ka duba kasafin ma'aikatar ƙwadago, sufetoci nawa ne, suna da motar fita, tarar da ke cikin doka tana da zafi ko kamfani zai biya yana dariya. Sannan ga babbar matsalar, ƙididdigar ILO ta 2018 ta nuna sama da kashi 60 na masu aiki a duniya ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke ba, a Afirka ya kai kusan kashi 86, ba takardar ɗauka ba rajista, wato dokar ma ba ta san da zamansu ba balle sufeto.

Ita ILO ba ta da 'yan sanda. Rahoto take karɓa, duk shekara uku kan yarjejeniyoyin tushe, kwamitin masana shari'a 20 ya duba ya rubuta abun da ya gani, a taron Yuni a zaɓi ƙasashe ashirin da 'yan kai a titsiye su a bainar jama'a. Kunya ce makamin. Mataki mafi tsanani, sashe na 33 na kundin tsarin ILO, an shekara sama da 80 ba a taɓa shi ba sai a 2000 kan Myanmar saboda aikin tilas, sai Belarus a 2023.

To me ke sa gwamnati ta motsa da gaske? Kuɗi da suna, wallahi. Katar ba ta taɓa tsarin kafala, wanda ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga mai gidansa, ba sai da gasar cin kofin duniya ta 2022 ta jawo mata idon duniya, aka kai ƙararta ILO a 2014, daga baya ta soke takardar izinin fita ƙasa ga yawancin ma'aikata, a 2020 ta ba su damar sauya aiki ba sai da yardar mai gida ba, ta sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, duk da har yanzu ana kukan riƙe albashi. Uzbekistan kuma ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti ake kwasa a kai gonar auduga dole, sai da manyan kamfanonin tufafi suka ƙaurace wa audugar sannan aka gyara, aka janye ƙauracewar a 2022. Tarayyar Turai ma tana rage wa wasu ƙasashe harajin shigar da kaya bisa sharaɗin aiwatar da irin waɗannan yarjejeniyoyi.

Kai kuma a naka ɓangaren, mutum ɗaya ba ya kai ƙara ILO, ƙungiyar ma'aikata ce ke da wannan damar, kuma tana iya aika nata bayanin ta ƙaryata rahoton gwamnati. Don haka in akwai ƙungiya a wajen aikinku shiga, ka riƙe takardar ɗaukarka da shaidar albashi da duk saƙon da aka turo maka kan ƙarin lokaci, ka fara kai koke ofishin ƙwadago mafi kusa a rubuce, ka karɓi kwafi mai hatimi, kuma kar ka yi jinkiri don a ƙasashe da yawa akwai wa'adin shigar da ƙara kan kora.