Amsa: Ɗaura keken gefe a jikin babur

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son ɗaura wa babur ɗinka keken gefe don kai kaya daga Aboabo zuwa Kejetia a cikin Kumasi, kana tambayar ɓangaren da ya dace. A dama za ka sa shi. Tun 1974 hannun dama muke bi a Gana, gara keken ya kasance ta bakin hanya.

Je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda a Kumasi, amma kada ka bari mai walda ya liƙe shi ɗungurungum. A ɗaure da noti wuri huɗu, biyu sama biyu ƙasa, yadda za a iya sake saiti. Saitin nan shi ne aikin. Tayar keken ta ɗan gota tayar baya da kamar taƙi ɗaya, gabanta ya karkato ciki santimita 1 zuwa 2. Babur ɗin kuma ya ɗan kishingiɗa hagu. In ka ji yana jan ka dama, a ƙara kishingiɗar.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanar dama, domin keken da ba kaya tashi sama yake yi. Don Allah ka sa buhun yashi a ciki, ka koyi tuƙin a fili kafin ka hau titi. Ka kuma leƙa DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar ababen hawa, kan batun takardu.