Kilo 9 na zubar, suka dawo da 'yan rakiya: amsa ga ƙanwata mai aikin dare a Ingila

Wata ƙanwata ta turo min saƙo daga Bradford, tace shekararta biyu da zuwa da bizar aikin kula da tsofaffi, yawanci dare take yi, 8 na dare zuwa 8 na safe. Ta zo da kilo 72, kafin ta ankara ta kai 85. Bara tayi dayet na wata uku, ta bar shinkafa da tuwo kwata-kwata, ruwan ɗumi da lemun tsami kullum safe, ga shayin rage tumbi da ta siya a intanet, ta sauko 76, yanzu kuma tana 88. Bikin ƙanwarta a Kano saura wata huɗu, har an fitar da anko. Tace, "Anti dan Allah ko dai ni ce bani da zuciya?"

Toh ƙanwata, na fi saba amsa zancen biza da takardu, amma wannan ma zancen aiki ne idan kika duba da kyau, zan zo wajen. Da farko ki cire maganar rashin zuciya a ranki. Wadda ta iya wata uku bata ɗanɗana tuwo ba a cikin sanyin ƙasar nan ai ba raguwa bace. Abun da ya faru shine jikinki bai san wani abu wai shi dayet ba, shi a ganinsa fari akayi, yunwa ta shigo gari, sai ya fara tsimi kaman uwargidan da taga rumbu ya kusa ƙarewa: ya rage abun da yake ƙonawa, ya ƙara miki jin yunwa. Akwai sinadarin da kitse ke fitarwa mai suna leptin, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya, da kin rame sai yayi ƙasa, shi kuma ghrelin na ciki mai kiran abinci ya hau. A Melbourne ta Ostareliya an sa mutum 50 dayet mai tsanani na sati 10, sakamakon ya fito a 2011, kuma shekara guda bayan an gama sinadaran nan basu koma daidai ba, mutanen na jin yunwa fiye da kafin su fara. A Amurka ma wani mai bincike Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin, bayan shekara 6 yawancin nauyin ya dawo, jikinsu kuma yana ƙona wajen kalori 500 ƙasa da abun da ya kamata a kullum. Kinga ai ba ke kaɗai bace. Mu ma muna gani duk shekara, mutum ya ɗan faɗa a azumi, sati kaɗan bayan sallah kumatu sun dawo.

Yanzu ga inda nake ganin matsalarki take, aikin daren nan. Na san yadda ɗakin hutun ma'aikata yake wajen ƙarfe 3 na dare, an gama juya tsofaffi an canza musu, ido yayi nauyi, ga gwangwanin biskit da cakulan da iyalan wani suka kawo ajiye akan tebur, ga butar shayi, kina cewa ɗaya zan ɗauka sai ki ga kin ci shida. Ki dawo gida 9 na safe ki dafa Indomie biyu da ƙwai, ki kwanta, 12 na rana waya ta fara ƙara daga gida dan su a wajensu rana tsaka ce, Umma na son jin ya maganar kayan ɗaki. Baccin da bai kai awa uku ba kenan. A jami'ar Chicago an gwada samari da baccin awa 4 na dare biyu kacal, leptin ya sauka, ghrelin ya hau, kwaɗayinsu kuma ya tafi kan zaƙi da kayan fulawa. Dare biyu fa, ke kuma shekara biyu. Dan haka kafin ki taɓa kwanon abinci ki gyara baccin: labule mai kauri mai hana haske, waya a kashe, ki gaya wa mutanen gida da ladabi cewa sai bayan la'asar ake samunki. Kuma wlh idan kina karɓan dare biyar shida a jere saboda gudummawar biki, ki sake lissafi. Doka a Birtaniya tace mai aiki ya baiwa ma'aikacin dare damar duba lafiya kyauta, ki tambayi manajanku, haƙƙinki ne.

Abinci kuma, kar ki sake yin abun da ba zaki iya shekara kina yi ba. Tuwo bai miki laifi ba, malmala biyu ta koma ɗaya, miyar ganye ta yawaita, wake, ƙwai, kifi, kabeji, su ke riƙe ciki. Ki ci abinci na sosai kafin ki fita aiki, ki tafi da ɗan kwanonki. Mai ki dinga aunawa da cokali, cokali ɗaya babba wajen kalori 120 ne, mu kuma tuttula shi muke har sai ya taso saman miya. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya sukari giram 35 ne, alhali NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, cewa tayi kar babba ya wuce 30 a yini.

Shayin rage tumbin nan ki zubar. Yawanci maganin gudawa ne, ruwa kike zubarwa ba kitse ba, wasu kuma an sha kama su da sibutramine a ciki, maganin da aka janye tun 2010 saboda illarsa ga zuciya. Allurar da ake yayi, su Wegovy da Mounjaro, tana aiki gaskiya, amma an ga waɗanda suka daina semaglutide, wato sinadarin da ke cikin Wegovy, sun maido kusan kashi biyu cikin uku na abun da suka rage a shekara ɗaya, kuma akwai jabu, sai ta hannun likita, mai ciki ko mai neman ciki ba nata bane.

Ki je wajen GP ɗinki, wato likitan da kike da rajista a wajensa, a auna sukari da makoko, ki faɗa masa idan al'adarki na rikicewa ko kina allurar tazarar haihuwa, duk suna iya taɓa nauyi. Mu 'yan Afirka daga BMI 27.5, wato awon da ake gwada nauyi da tsayi, ake lissafa mu cikin masu ƙiba, ba 30 ba, dan ciwon suga na kama mu da wuri. A gida kuma ki auna tsayinki da zare, ki ninka biyu, ki zagaya ƙugu, in bai haɗu ba akwai aiki.

Nawa ya kamata ki nema? Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a wajenki kilo 4 zuwa 9, a hankali. Wani babban bincike a Amurka da ya fito 2002 ya nuna masu hatsarin ciwon suga da suka nemi rage kashi 7 da motsa jiki na minti 150 a sati sun rage hatsarin da kashi 58. Waɗanda suka rage suka kuma riƙe, da ake bibiyarsu a can tun 1994, yawancinsu tafiyar ƙafa suke kusan awa guda kullum, suna hawa sikeli duk sati. Ba sai kin biya kuɗin jim ba, ki sauka bas tasha biyu kafin gida.

Maganar anko kuwa, kar ki kuskura ki tura wa tela awon da kike fatan kaiwa. Ki auna jikinki na yau ki tura masa, kice ya bar rara a ciki, in kin sauka Kano kin ga rigar ta miki yawa, ragewa aikin rabin awa ne.