Koyon taimakon gaggawa kafin tafiyar dogon hutu

Ɗan'uwa ka ce za ka kai iyali Yankari a watan Agusta, ko ka bari sai kun dawo ka koyi taimakon gaggawa? Gaskiya ni dai ina ganin ka yi kafin ku tafi, ka leƙa ofishin Red Cross nan Bauchi ka tambayi ranar horonsu sannan ka tsayar da ranar tafiya. Tunda yara za su shiga ruwan Wikki, wato ruwan ɗumin nan da ake wanka a cikin Yankari, ka dage kan farfaɗo da numfashi, danna ƙirji sau 30 hura iska sau 2, wannan sai an gwada da hannu, bidiyon waya bai isa ba wallahi. Ga damina ga macizai, in maciji ya sari mutum kar a ɗaure wurin kar a tsaga, asibiti kawai. Ka je da uwargida ma.