Hana shiga teku da asuba da almuru ba camfi ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaya ko camfi ne al'adar mazauna bakin teku ta hana iyo da asuba da almuru, da sa mutum ya cire zobe da agogo kafin ya shiga ruwa. Ba camfi ba ne, saboda kifin shak ne, wani babban kifin teku mai cizo.

Shak ya haura iri 500, amma uku ne suka fi yi wa mutane mummunan rauni: babban farin shak, da mai zane a jiki irin na damisa, da wanda ake kira bijimi. Bijimin nan shi ne abin tsoro, domin yana zuwa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, har kogi yana shiga, kamar Zambezi. Duk da haka cizon bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2023, ma'ajiyar da ke ƙirga waɗannan hare-hare a Fulorida ta Amurka ta rubuta cizo 69 a duk duniya waɗanda ba tsokanar kifin aka yi ba, mutum 10 suka rasu.

Yawancin cizon kuskure ne. Shak ba shi da hannu, da baki yake taɓa abin da bai gane ba. Da asuba da almuru yakan matso gaɓa farauta, haske kuma ya yi ƙaranci, sai ya ga tafin ƙafa yana wulgawa ya ɗauka kifi ne. Zobe da sarƙa kuwa suna walƙiya tamkar ɓawon kifi. Ruwan da ya gurɓace a bakin kogi bayan an yi ruwan sama shi ma yana hana shi gani sosai. Kana fantsama ruwa yana jin girgizar a gefen jikinsa, irin ta kifin da ya ji ciwo. In ka ga tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye suna tsalle, ko masunta suna zubar da kayan cikin kifi, fita. Kada kuma ka yi iyo kai kaɗai.

In ka gan shi, kada ka juya masa baya ka hau iyo da ƙarfi, ba za ka tsere masa ba. Ka tsare shi da ido, ka riƙa ja da baya a hankali, in akwai wani abu a hannunka ka sa shi tsakaninku. In ya kama ka, kwanciyar mushe ba ta da amfani. Naushi a cikin ruwa ba shi da ƙarfi, don haka ka cusa yatsu a idonsa ko a tsagogin gefen wuyansa, inda yake numfashi.

Abin da ke kisa shi ne zubar jini. Sau da yawa kifin kan ciza sau ɗaya ya saki, amma in ya tsinka babbar jijiyar cinya, mintoci kaɗan sun isa. A fito da mutumin, a kwantar da shi, a danne raunin da tawul da iya ƙarfi, wani kuma ya kira motar asibiti. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba. A sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: ɗauri sako-sako, wanda ke ƙara zubar jinin, da kwancewa don mai raunin yana ihu. Likita kaɗai ke kwance shi. A lulluɓe mai raunin kada sanyi ya kama shi, kada a ba shi abinci ko abin sha, don wataƙila tiyata za a yi masa.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka