Hukuncin Zuwa Yawon Tsoratarwa a Kufan da Ake Cewa Akwai Fatalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abokan karatuna sun shirya zuwa wani yawon buɗe ido da ake yi da dare. Ana hawa dutse a ƙafa har a kai wani tsohon kufai da ake cewa fatalwowi na yawo a cikinsa. A hanya 'yan wasan kwaikwayo kan ɓuya cikin duhu da shigar gawa ko ta masu shan jini, su yi ta faɗo wa mutane da ihu. A can sama kuma jagora ya ba da labarin waɗanda aka kashe a wurin, har a kunna kyandir a "kira" ruhinsu. Kowa ya san wasa ne, kuma har na biya kuɗina. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abubuwa daban-daban aka haɗa maka a tikiti ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hawan dutse halal ne. Annabi (SAW) ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Kallon kufan mutanen da suka shuɗe kuwa Alƙur'ani ma ya yi kira gare shi: "Ku yi tafiya a cikin ƙasa, ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance" (Rum, aya ta 42). Sai dai an nuna mana da wace irin zuciya ake shiga. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, rundunar Musulmi ta biyo ta Hijru, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu, inda har yau gine-ginen da aka sassaƙa a jikin duwatsu suke tsaye a ƙasar Saudiyya. Annabi (SAW) ya ce kada su shiga wajen waɗannan da aka yi wa azaba sai suna kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ba kowane kufai ne na waɗanda aka halaka ba, saboda haka ba zan ɗora hanin a kan wurin da za ku ba. Amma inda aka zubar da jinin mutane, a mayar da shi dandalin shewa da ɗaukar hoto, wannan bai yi kama da tarbiyyar da aka yi wa sahabbai ba.

Batun fatalwa shi ne ya fi damuna. Wanda ya mutu ba ya dawowa ya yi gadin kango. Allah ya ce a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su (Mu'uminun, aya ta 100). Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗau fansarsa ba, wata tsuntsuwa kamar mujiya ce ke fitowa daga kansa tana kuka a kabarinsa, sai Annabi (SAW) ya rushe wannan camfi da faɗinsa "la hamata", wato babu irin wannan tsuntsuwa, a hadisin Bukhari da Muslim. Aljanu kam gaskiya ne, akwai su, kuma malamai sun ambata cewa sukan zauna a kangaye da wuraren ƙazanta. To wanda ya tsaya a kufai tsakar dare yana kiran mamaci ya bayyana, in ma wani abu ya amsa masa, wa kake zaton ya amsa? Allah ya ba da labarin mazajen da ke neman tsari da aljanu, bai ƙare su da komai ba sai ƙarin tsoro da zunubi (Jinn, aya ta 6). Wannan ɓangare haramun ne, ko da wasa aka yi shi, domin ba a wasa da abin da ya taɓa aƙida. Zama a wurin ana yi kana kallo ma bai halatta ba.

Saura tsoratarwar. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya don raha, ya farka a firgice. Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Igiya fa kawai! Za ka ce ai kai ka yarda, har kuɗi ka biya. Wannan magana tana da ƙarfi, shi ya sa ban kai tsoratarwar da aka yarda da ita ga haramci kai tsaye ba, kuma kallon wasa a karan kansa ba laifi ba ne, tunda Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Abin da nake gani shi ne makaruhi ne, ɓarnar kuɗi da dare. Yana komawa haramun idan akwai haɗari na gaske. Mutum ya razana a kan siririyar hanyar dutse cikin duhu, ƙafa ɗaya ce tsakaninsa da rami, ga kuma mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko mace mai ciki. Yardarka ba ta halatta maka jefa kanka ga halaka ba (Baƙara, aya ta 195). Haka nan idan akwai giya, ko tsiraici, ko zai sa ka rasa sallar asuba.

Don haka wannan shiri, yadda ka siffanta shi, kada ka je. Idan wurin ne ke burge ka, ka hau da rana tare da abokan tafiya da jagoran da zai faɗi tarihin gaskiya. In ka isa ka karanta "A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", wadda Muslim ya ruwaito daga Khaulatu bint Hakim. Kuɗin tikiti kuwa ka nemi su mayar maka, ko su sauya maka da yawon rana. In sun ƙi, ka haƙura da shi, kuma kada ka sayar wa wani. Wallahu a'alam.