Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Baƙaƙen Fata a Amurka Ba Su Daina Zanga-Zanga Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta cewa an soke dokokin wariyar launin fata a Amurka tun shekarun 1960, har Barack Obama ya yi shekara takwas yana mulkin ƙasar. To, me ya sa har yanzu baƙaƙen fata suke cika tituna suna kukan ana nuna musu bambanci? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka karanta gaskiya ne. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ware makarantun gwamnati bisa launin fata, a 1964 aka kafa dokar 'yancin ɗan ƙasa, a 1965 kuma aka kafa wadda ta kare 'yancin kaɗa ƙuri'a, waɗannan dokoki biyu kuwa sun zo ne bayan gwagwarmayar mutane irin su Rosa Parks da Martin Luther King. Sai dai doka tana iya cire allon da aka rubuta cewa wannan wuri na fararen fata ne kaɗai, amma ba ta mayar wa mutum da dukiyar da aka hana iyayensa da kakanninsa tarawa.

A ganina, asalin maganar tana kan gidaje. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin da baƙaƙen fata suka fi yawa, ta ce ba da bashin sayen gida a can kasada ce. Bankuna suka bi wannan sahu shekara da shekaru, a daidai lokacin da iyalan fararen fata suke samun bashi mai sauƙi suna mallakar gidaje a bayan gari. Ba a haramta nuna bambanci wajen sayar da gida ko ba da haya ba sai a 1968. Shi kuwa gida a Amurka shi ne babban gadon da talaka yake bar wa 'ya'yansa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, saboda haka unguwar da gidajenta ba su da daraja sai ta wayi gari makarantarta ma tana fama da ƙarancin kuɗi. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna cewa dukiyar matsakaicin iyali na fararen fata ta ninka ta baƙaƙen fata kusan sau shida. Zaɓen Obama babban tarihi ne, amma bai canza wannan lissafi ba.

Abin da ya fi saurin tunzura jama'a shi ne mu'amalar 'yan sanda da kotuna. Taken Black Lives Matter, wato ran baƙar fata ma yana da daraja, ya ɓullo ne a 2013, bayan da kotu a Florida ta wanke mutumin da ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Trayvon Martin. Ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Minneapolis, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa fiye da minti tara, Floyd yana ta cewa ba ya iya numfashi har rai ya yi halinsa. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta kama shi. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta ne ya tona asiri, kuma abin da yake ci mini rai shi ne tunanin waɗanda aka yi wa haka ba kowa a wurin.

An yanke wa Chauvin ɗaurin shekara 22 da rabi a 2021. A shekarar ne kuma Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin gyara aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan Floyd, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa bai zama doka ba.